Yadda Muka Zama Masu Baƙaƙen Kwat a Sa'alaba

Tun da na dawo daga Jidda bakin mutane bai bar ni na huta ba. A majalisarmu na ba da labarin nan ya fi sau biyar, kuma kullum sai wani ya iso a makare ya ce a koma farko. Shekaranjiya a wajen ɗaurin aure wani mutum da ban sani ba ya riƙe mini hannu yana dariya, wai ashe ni ne wanda ya kora kawunsa cikin teku. Labarin ya soma canza kama a bakin masu ɗauka, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru. Wanda ya sake tambayata, sai in miƙa masa ya karanta.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Ina aiki ne a wani kamfani a Kano da ke fitar da riɗi da zoɓo da citta zuwa ƙasashen waje. Aka ce za a yi baje kolin kayan abinci a Jidda, aka zaɓe mu mu biyu: ni, saboda na yi Islamiyya ina ɗan taɓa Larabci, da Malam Haruna mai kula da sito, saboda shi ko ido a rufe ya damƙi riɗi zai gaya maka kasuwar da ya fito. Malam Haruna ya girme ni da kusan shekara goma. Dogo ne siriri, kuma duk ranar da ya yi magana goma, to ranar ya yi surutu.

Manajanmu ya kafe sai mun sa kwat, wai masu saye daga ko'ina za su zo, kada a raina mu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasar da kowa ke yawo da doguwar riga, mu ne za mu je da kwat?" Ya ce a ɗinka kawai. Tela ɗaya, yadi ɗaya, baƙi wuluk, har da nakataye.

Kafin tafiya na je Gumel yi wa Inna sallama. Inna tana da ƙane a Jidda, Kawu Idi, wanda ya tafi aikin hajji tun ba a haife ni ba, ya samu aikin tuƙa jirgin ruwa, ya yi aure, ya zauna. Da suna gaisawa ta waya, amma shekara biyu ke nan lambarsa ta daina shiga. Su uku ne a ɗakinsu, kuma babbansu, Kawu Sale, ya rasu bayan ƙaramar salla ba tare da Kawu Idi ya ji ba.

Inna ta ba ni wata tsohuwar ambulan mai ɗauke da sunan unguwa, Sa'alaba, kusa da gidan burodi. Ta ba ni ƙullin daddawa da kuka da yaji. Sannan ta ce, "Sagiru, ka nemo mini shi. Ka zaunar da shi, ka bari ya sha ruwa, sannan ka faɗa masa baki da baki. Kada ka ba kowa saƙon nan ya kai masa. In mutanen can ba su san Idi ba, ka ce Nagoggo, sunan da muke kiransa ke nan yana yaro."

Ana jibi za mu tashi, 'ya'yan Malam Haruna suka kawo masa ciwon idon nan da ake kira afolo. Shi kuma, da yake mutum ne mai zumunci, ya raba mini. Ranar tafiya idanunmu kamar garwashi, dole muka sayi baƙin tabarau. Kwat ɗin ma a jiki muka sa su don kada su yamutse, kaftanai da sauran kayan sawa muka haɗa a babbar jaka ɗaya.

Tun a filin jirgin Kano ya kamata in gane akwai matsala. Muna tsaye a layi wata tsohuwa ta matso ta miƙo mini fasfonta da hannu biyu, ta ce, "Yallaɓai, a duba mini." Na ce, "Iya, ni ma fasinja ne." Ba ta yarda ba, ta koma gefe tana harararmu.

Mun yada zango na awa huɗu a wani filin jirgi a hanya, inda aka ƙure sanyin na'ura kamar ana ajiyar nama. A nan muryar Malam Haruna ta tafi. Da ma maganar kaɗan ce, yanzu ta koma raɗa mai kaushi.

A Jidda jami'in shige da fice ya yi mini nuni in cire tabarau don a ɗauki hoto. Ina cirewa ya ja kujerarsa baya, ya ce, "Salamat, salamat," wato Allah ya sawwaƙe, ya buga hatimi da sauri. Malam Haruna kuwa na'ura ta ƙi karanta yatsunsa, buhu ya cinye zanen. Sai da jami'in ya nuna masa ya goga yatsun a goshi su samu maiƙo, sannan ta karɓa. Muka je ɗaukar kaya. Kwalayen samfuri duk sun iso lafiya, riɗi da zoɓo da citta babu wanda ya ɓata. Babbar jaka ce babu. Aka ba mu takarda aka ce za a kira mu. Kaftanai, huluna, takalman silifa, daddawar Inna, duk suna can wata ƙasa suna hutawa. Abin da ya rage mana a duniya shi ne kwat.

Masaukinmu wani otel ne madaidaici kusa da tsohon gari. Zafin Jidda ba irin namu ba ne mai busar da leɓe. Nasu jiƙa mutum yake, kana fita kamar an lulluɓa maka tawul ɗin da aka tsamo daga ruwan zafi. A banɗaki babu buta, sai wani ɗan tiyo mai bakin ƙarfe. Malam Haruna ya danna shi bai shirya ba, ya wanke silin da rabin wandonsa, muka kwana muna shanya shi a gaban na'urar sanyi.

Da safe muka fita neman karin kumallo, muka tarar da gari shiru. Lokacin da Kano ta riga ta cika da hayaniya, su nan ba su gama juyi a gado ba. Kyanwowi ne kawai ke zirga-zirga, kuma ban taɓa ganin garin da ya kai Jidda kyanwa ba, ga su da ƙiba da isa, ba sa matsa wa mutum. Muka samu wani ɗan shago ana sayar da ful da tamis. Ful wake ne da aka dafa ya narke aka zuba masa mai, tamis kuma burodi ne mai faɗi kamar faifai, da zafinsa ake cirowa daga tanda. Malam Haruna ya ci, ya matso kunnena ya raɗa, "Ba yaji." Wannan ce maganarsa ta farko a ƙasar Saudiyya. Daga baya muka gano suna da tsire, sunansa ma siriya, kuma kakannin Hausawan can ne suka kai shi. Har ƙuli suke sa masa. Na ci tsinke na farko ina jin kamar na haɗu da ɗan unguwarmu.

Baje koli ya tafi lafiya, ba zan cika ku da shi ba. Zoɓonmu ya samu masoya. Amma ni hankalina na kan ambulan ɗin Inna. Kwana huɗu gare mu, uku na aiki, na huɗun na Umra. Ana tashi da la'asar ranar farko na roƙi Malam Haruna ya raka ni. Otel suka haɗa mu da direbansu, wani ɗan Pakistan mai fara'a. Motarsa doguwa ce, baƙa, gilasanta ma baƙaƙe.

Bari in tsaya nan in gaya muku abin da ni ban sani ba sai daga baya.

Kwana goma kafin zuwanmu, Kawu Idi ya fita da jirginsa da hantsi daga Abhur, bakin tekun da ke arewacin gari inda yake yawo da masu shan iska. Shi kaɗai ne, yana gwada inji. Sai ya ga wani abu a sama, zagayayye, mai ƙyalli, tsaye cak ba ƙara. Ya dawo unguwa ya ba kowa labari. Cikin masu sauraro akwai maƙwabcinsa Bashir, Bahaushen Sudan mai gyaran waya, wanda ya ƙware a labaran abubuwan da ke yawo a sararin sama. Bashir ya ɗauki muryar Kawu ya watsa a wayoyin mutane. Sai da ta gama zaga unguwa sannan ya tuna da wani abu, ya koma ya zaunar da Kawu ya ce akwai magana.

Ya ce a Amurka, inda aka fi ganin irin waɗannan abubuwa, an daɗe ana faɗin cewa duk wanda ya gani ya kuma yi surutu, ba a daɗewa sai baƙi sun ziyarce shi. Maza biyu ko uku, cikin baƙaƙen kwat iri ɗaya, da baƙin tabarau, a baƙar mota. Maganarsu ba irin ta mutane ba, kamar suna karantawa daga littafi. Sun san sunanka, sun san na mahaifiyarka, sun san abin da ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Za su ce ka yi shiru, in ba haka ba. Wasu sun ce ma'aikatan gwamnati ne, wasu sun ce ba 'yan Adam ba ne sam. Kawu ya yi dariya a gaban mutane, amma matarsa ta ce daga ranar ya soma leƙa taga kafin ya fita.

To, cikin wannan unguwa baƙar motarmu ta kutsa kai.

Sa'alaba tsohuwar unguwa ce, gidaje gajeru, lunguna matsattsu, ƙananan shaguna a jere. Muna fitowa na ji wata mata tana yi wa 'yarta faɗa da Hausa, "Yalla, shige gida!" Raina ya yi fari. Na ga gidan burodi, kusa da shi shagon gyaran waya, da wani mutum mai ƙaramin gemu a zaune. Bashir ke nan. Na ce bari in nuna masa mu ma mun yi karatu. Na gyara tsayuwa na zuba masa Larabcin Islamiyya, da wasali da komai, irin wanda ko a huɗubar Juma'a an rage yi: "Ya kai wannan mutum mai daraja, haƙiƙa mu muna neman wani namiji wanda sunansa Idrisu."

Sukudireban da ke hannunsa ya faɗi. Ya kalle ni, ya kalli Malam Haruna da ke tsaye a bayana kamar turken lantarki, ya kalli mota.

"Ma fi," ya ce. Wato babu.

Na ga Larabci bai ci ba, na juya Hausa. "Malam, don Allah Idi muke nema, mutumin Gumel, mai tuƙa jirgi a Abhur. Sunan mahaifiyarsa Hajara. A gida Nagoggo ake ce masa."

Yanzu da Hausa ya amsa. "Ban san shi ba. Me... me za a ce masa in an gan shi?"

Na tuna gargaɗin Inna. Na ce, "Maganar da ke tafe da mu ba a faɗa wa kowa sai shi. Za mu dawo."

Malam Haruna, don ya taimaka, ya sunkuyo ya raɗa da wannan murya tasa, "Gobe."

Kafin mu juya, lungun ya zama wayam. Mai burodi ya sauke rabin ƙofarsa. Duk wanda muka tara sai ya ce shi baƙo ne a unguwar. Ban zarge su ba, don na ji cewa a irin waɗannan unguwanni ba a nuna wa baƙo gidan mutum. Wani iƙamarsa ta ƙare, wato takardar zama, wani yana rigima da kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, kowa yana rufa wa kowa asiri. Na ɗauka iyakar abin ke nan.

Rana ta biyu na ce tunda an ɓoye mana gida, mu je wurin aiki. Abhur wata duniya ce daban, manyan gidaje masu katanga, wuraren shaƙatawa, jiragen ruwa farare a jere. Muka taka gadar katako da takalmanmu masu ƙwas-ƙwas. Can ƙarshe na hango wani dattijo baƙi, gajere, mai furfura, yana taimaka wa wasu Larabawa mata da miji da 'ya'yansu shiga jirgi. Ko ba a gaya mini ba na san shi ne, tsayuwar Inna ce sak, hannu ɗaya a ƙugu. Murna ta kama ni. Na ɗaga hannu na ƙwala kira, "Nagoggo!"

Ya waiwayo. Ban taɓa ganin tsoho ya yi sauri irin haka ba. Ya fizge igiya, ya faɗa jirgi, ya tayar da inji. Kafin mu kai ƙarshen gadar sai farin kumfa. Muka tsaya cikin rana muna jira har kusan magariba, gumi ya jiƙa kwat har ya soma ɗiga. Daga baya na ji cewa Larabawan nan yawon rabin awa suka nema, suka samu na awa uku, har suna yaba masa kirki.

A mota Malam Haruna ya raɗa, "Ka tabbata ba ku da rigimar gado?" Ni dariya ba ta zo mini ba. Saura kwana ɗaya. Na rasa me zan koma in gaya wa Inna: na ga ƙanenki da idona, ya gan ni, ya gudu?

Rana ta uku muka koma Sa'alaba, muka sallami mota tun daga bakin titi, muka zauna a kan wani benci gaban gidan burodi. Na ce ko za a kwana nan ba zan tashi ba. Ba mu yi rabin awa ba sai ga wata mata mai jiki cikin baƙar abaya ta nufo mu kai tsaye, da lema a naɗe a hannunta kamar sanda. Ta tsaya a kanmu.

"Ku ne?" ta ce. "Ni ce Asiya, matar Idris. Halas, ya isa haka, na gaji. Kwana biyu mutum bai ci abinci ba, yau ko aiki bai je ba, ya kulle kansa a ɗaki. In kama shi za ku yi, ku kama ni. In kuma daga sama kuka zo, wallahi ku koma. Esh kuke so?"

Na miƙe na rusuna, na kira ta Khala, yadda mutanen can ke ce wa goggo. "Khala, daga Gumel muka zo. Ni ɗan yayarsa ne, Sagiru ɗan Hassu."

"Cire wannan abin in ga idonka."

Na cire. Ta ja da baya ta ce, "A'uzu billahi!" Na yi sauri na ce ciwon ido ne, afolo. Ta ƙura mini ido na wani ɗan lokaci, ba idon take kallo ba, gefen kaina take kallo. Sai ta sauke lema.

"Kunnuwan nan," ta ce. "Duk 'ya'yana da su na haife su. Yalla, ku biyo ni."

A hanya ta ba mu labarin Bashir da masu baƙaƙen kwat. Hausarta rabi Larabci ce, a Jidda aka haife ta, ita da mahaifiyarta. Tana faɗa ina duban kaina ina duban Malam Haruna, ina tuna duk abin da na faɗa a shagon waya. Malam Haruna ya tsaya ya dafa bango. Na zaci jiri ne, ashe dariya yake, ba murya, sai kafaɗu ke rawa.

Gidan ɗan ƙarami ne, a hawa na biyu. Ƙofar ɗakin ciki a kulle. Khala Asiya ta buga. "Ya Idris, buɗe. Ɗan 'yar'uwarka ne."

Muryar Bashir ce ta amsa daga ciki, ashe yana can yana taya shi gadi. "Ya Amm Idris, kada ka buɗe! Haka suke cewa!"

Na ce, "Kawu, ni ne Sagiru. Inna Hassu ce ta aiko ni."

Sai muryar wani dattijo ta ce a hankali, "Ni ban ga komai ba. Tsuntsu ne. Na riga na gaya wa kowa tsuntsu ne."

"Kawu, ba don wannan muka zo ba."

"Har Hausar Gumel suka iya," in ji Bashir.

Dabara ta ƙare mini sai ɗaya. Na kira ƙanwata a Gumel na ce ta kai wa Inna waya. Na yi wa Inna bayani a gurguje, na buɗe muryar wayar, na durƙusa na kara ta a ƙasan ƙofa.

"Idi!" Inna ta ce. Tsohuwar da ke magana da ƙyar a gida, ranar muryarta har lungu. "Idi, kana jina? Ɗana ka bari a tsaye a ƙofa? Da furfurarka? Wato har yanzu halin na nan. Haka ka shige rumbu ranar da masu allurar lamba suka zo gari, sai da ni da Yaya Sale muka jawo ka ta ƙafa, kana ihu da gero a baki. Buɗe ƙofar nan kafin raina ya ɓaci!"

Bashir ya soma cewa, "Suna iya kwaikwayon mur..."

"Yi mini shiru, Bashir."

Makulli ya juya. Kawu Idi ya fito, bai ko kalle ni ba, ya durƙusa ya ɗauki wayar da hannu biyu. "Yaya," ya ce. "Yaya Hassu." Ashe wayarsa ce ta faɗa teku shekara biyu da suka wuce da duk lambobin gida a ciki, ya yi ta aika saƙo ta hannun alhazai ba ya isa. Inna ta ce masa ya zauna ya saurari abin da zan faɗa, za ta kira anjima.

Na yi yadda ta ce. Na zaunar da shi, Khala ta kawo ruwa ya sha, sannan na faɗa masa Kawu Sale ya rasu. Ya yi salati, ya tambayi ranar, ya tambayi wanda ya yi masa salla, ya tambaya ko ya sha wuya. Na ce bai sha ba. Muka yi addu'a tare, har da Bashir, wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen amin don kunya. Da muka shafa, Kawu ya kama kunnena ɗaya ya ja kaɗan, yana hawaye yana murmushi, ya ce, "Kai kuma wa ya ce ka zo wa mutane a haka?"

Kafin magariba gidan ya cika. Duk waɗanda suka ce su baƙi ne a unguwar sai ga su, sun zo ta'aziyya sun kuma zo kallonmu. Mai burodi ya kawo tamis. Khala Asiya ta dafa sayadiyya, shinkafa ce da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi ja, a ɗora mata kifi. Aka zuba a babban faranti muka zauna a ƙasa. Na lura Bashir yana bin hannun Malam Haruna da kallo. Da na tambaya, ya ce ai an ce su waɗancan ba su iya cin abinci ba. Malam Haruna ya cinye gefensa ya shiga gefen Bashir, aka rufe wannan babi.

Bashir dai bai sauka daga kan maganarsa ba. Ya ce, "Tayyib, ku ba su ba ne. Amma wannan bai nuna babu su ba." Na ce gaskiya ne. Mu ma a gida muna da namu, wa bai taso da labarin baƙuwar motar da ke ɗauke mutane a bayan gari ba? Kowa ya san wanda ya san wanda ya gan ta.

Washegari da sassafe, kafin mu wuce Makka, Kawu ya ba mu aron jallabiya ya kai mu teku. Ta Malam Haruna ta tsaya masa a gwiwa. Ya tuƙa mu har gine-ginen Abhur suka ƙanƙance, ya kashe inji. Ruwa ya yi shuɗi, ba ka jin komai sai ɗan bugunsa a jikin jirgi.

"Nan ne," ya ce, ya nuna sama. "Kamar murfin tukunyar da aka goge da toka. Ba fiffike, ba hayaƙi, ba ƙara. Ya tsaya kamar tsawon karanta Fatiha uku. Sannan ya tafi, ban ga tafiyarsa ba, na dai ga babu shi. Ɗana, na fi shekara talatin a kan ruwan nan. Na san jirgin sama, na san balan-balan, na san 'yan na'urorin nan da ake tashi da su don ɗaukar hoto. Wannan ba su ba ne."

"To mene ne, Kawu?"

"Allahu a'alam. Ni dai ba tsuntsu ba ne. Jiya tsoro ya sa na ce tsuntsu, kuma abin ya tsaya mini a rai."

Muka ɗaga kai mu uku muka yi ta kallo. Ba mu ga komai ba sai sama.

Umra ta yi kyau, wannan labari ne na daban. Jakarmu kuwa sai ranar komawa aka kira mu, muka karɓe ta a filin jirgi, na buɗe a nan na miƙa wa Kawu ƙullinsa. Daddawar ta sha zafin ƙasashe biyu, har wani ma'aikaci ya zo duba abin da ya mutu. Kawu ya rungume ta kamar jariri.

Da na isa Gumel, Inna ba ta bari na cire takalmi ba. Ya rame? Haƙoransa na nan? Matar tana kula da shi? 'Ya'yan suna jin Hausa? Na amsa ɗaya bayan ɗaya, wasu sau biyu. Sai da ta ƙoshi sannan na ba ta labarin abin da ya ce ya gani a sama, ina 'yar dariya, ina jiran ita ma ta yi. Ba ta yi ba.

"Me kake wa dariya?" ta ce. "Ni na goye shi. Idi matsoraci ne tun yana yaro, wannan kowa ya sani. Amma bai taɓa yi mini ƙarya ba. In ya ce ya gani, to ya gani."

Masu tambayata ko na yarda da labarin, amsar da nake da ita ke nan.